Daga Bulus Zuwa Paul: Nazari Kan Sauyin Sunaye Tsakanin Kiristocin Arewa

Wanda duk ya saba shiga gidajen Kiristocin Arewa, daga Wusasa zuwa Kagoro, daga Gindiri zuwa Garkida, in ya kasa kunne ga yadda ake kiran mutanen gida, zai tarar da zamani uku a tsakar gida ɗaya: kaka sunansa Bulus ko Istifanus, matarsa Rahila ko Saratu, ɗansu Ɗanladi ne ko Yakubu, 'yarsu Alheri ko Godiya, amma jikokin da ke guje-guje a gindin bishiya, in aka ƙwala musu kira, sai ka ji Favour, ko Miracle, ko kuwa wani suna na harshen kakanni wanda Bahaushe bai san ma'anarsa ba. Ba hukuma ce ta yi umarni da wannan sauyi ba, ba kuma wata majalisar malaman coci ce ta zauna ta yanke shi ba. Sannu a hankali ya zo, kamar yadda ruwa ke cin katanga, har ya zama yau sunan Littafi Mai Tsarki a siffarsa ta Hausa ya fara zama alamar tsufa. Abin da ya cancanci bincike shi ne dalilin da ya sa jama'ar da ta karɓi addininta da harshen Hausa, take waƙa da addu'a da shi, ta juya wa sunayen wannan harshe baya, da kuma abin da hakan ya haifar.

Ya kamata a fara da asali, domin suna ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin Kirista. A littafin Farawa an sauya wa Abram suna ya koma Ibrahim, matarsa Saraya ta koma Saratu, a daidai lokacin da aka ƙulla alkawari da su. Yakubu ya zama Isra'ila bayan kokawar da ya kwana yana yi. Almasihu kuma ya laƙaba wa Siman sunan Bitrus, wato dutse. A kowane ɗaya daga waɗannan, sabon suna shaida ne na sabon matsayi da sabon nauyi. Akwai kuma sauyin da aka yi da ƙarfin sarauta, kamar yadda aka yi wa Daniyel da abokansa uku a Babila, inda aka cire musu sunayen da ke ambaton Ubangijinsu aka maye da na fadar Nebukadnezzar, don a raba su da tushensu. Sai dai akwai wata mas'ala da masu wa'azi kan tsallake. Mutane da yawa sun ɗauka Shawulu ya zama Bulus ne ranar da ya tuba a hanyar Dimashƙu, alhali kuwa littafin Ayyukan Manzanni ya ci gaba da kiransa Shawulu bayan tubar, ya kuma nuna cewa sunaye biyu gare shi, na Yahudanci da na Rumawa, ya riƙa amfani da na biyun sa'ad da ya fuskanci al'ummai. Bugu da ƙari, a cikin masu bi na farko akwai Afolos da Fibi da Diyonisiyus, waɗanda sunayensu suka samo asali daga gumakan Girkawa, ba a kuwa ruwaito cewa an tilasta wa ɗayansu ya sake suna kafin a yi masa baftisma ba. Ashe ke nan nassi ya girmama suna, amma bai shar'anta harshen da za a raɗa shi da shi ba.

Sharaɗin ya zo ne daga baya, ta hanyar al'adar coci. A shekarar 533 aka zaɓi wani limami mai suna Markuriyus ya zama Paparoma, ya ga bai dace ya hau wannan kujera da sunan gunkin Rumawa ba, ya kira kansa Yohanna na Biyu. Cocin Katolika ta daɗe tana kwaɗaitar da iyaye su zaɓi sunan waliyyi, har kundin dokokinta na 1917 ya ɗora wa limami nauyin ƙara sunan waliyyi in iyaye sun ƙi, kafin kundin 1983 ya sassauta, ya tsaya a kan cewa kada dai sunan ya saɓa wa ruhin addini. Da wannan ta'ada 'yan mishan suka iso Afirka, suka kuma gauraya ta da ɗabi'ar ƙasashensu, ta yadda Ajayi, yaron Yarbawa da aka kuɓutar daga jirgin bayi, da aka yi masa baftisma a Saliyo a 1825 sai aka sa masa Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na Landan. Martani bai jinkirta ba. A shekarun 1890 wani malamin Baptis na Ikko ya yar da David Brown Vincent ya koma Mojola Agbebi. A 1972 Mobutu ya haramta sunayen baftisma na Turawa a Zayar, rigimar da ta sa Kadinal Malula ya yi gudun hijira na ɗan lokaci zuwa Rum. A shekara mai bi Tombalbaye na Cadi ya ajiye François ya ɗauki Ngarta.

Arewacin Nijeriya kuwa ta bi wata hanya dabam, a nan ne kuma labarin ya fi armashi. Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, da sauran waɗanda suka yi aikin fassarar da ta fito cikakkiya a 1932, sun sami harshe wanda tuni Musulunci ya shimfiɗa masa kalmomin addini, saboda haka suka kira Ubangiji Allah, suka ce annabi da mala'ika da zunubi da tuba, suka kuma bar Ibrahim da Musa da Haruna da Dauda da Sulemanu da Zakariya yadda Bahaushe ya san su. Sunayen manzanni ma, waɗanda babu su a bakin Hausawa, siffarsu ta Larabci aka ɗauko: Bitrus da Bulus da Yohanna da Filibus da Andarawus da Istifanus, haka Kiristocin Masar da Sham suke kiransu, shi ya sa Butrus Ghali, Bakibɗen nan da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1992, takwaran kowane Bitrus ne na ƙauyen Filato. Da yake kuma mishan ɗin SIM da SUM da takwarorinsu sun mai da Hausa harshen bishara a tsakanin ƙabilu masu ɗimbin yawa, har cocin da suka haifa suka ɗauki sunaye irin su Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, sai waɗannan sunaye suka bazu ga Birom da Angas da Bura da Kaje, waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su.

Sakamakon haka aka sami wani fili na tarayya wanda babu kamarsa a kudu. Yakubu Gowon, ɗan Yohanna, ya tashi a Wusasa ya mulki ƙasa shekara tara da sunan da kowane gida na Kano ke da irinsa. Farfesa Ishaya Audu ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello. Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ga kuma sunayen rana, Ladi da Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe, da Ɗanjuma da Ɗan'asabe, waɗanda ba su san masallaci ko majami'a ba. A wancan zamani in an ce maka Yusufu Dauda ne ya zo neman aiki, ba ka da hanyar sanin inda yake ibada sai ka jira Juma'a ko Lahadi.

To, me ya rushe wannan? Dalili na farko, wanda ya fi sauƙin gani, shi ne ilimin boko da ɗaukakar Turanci, domin yaron da aka raɗa wa Bulus a gida, in ya shiga makaranta ya ga littafinsa ya ce Paul, sai ya ji nasa ya yi ƙauyanci. Na biyu shi ne bunƙasar majami'un Fentikos tun daga shekarun 1970, waɗanda suka taso daga kudu da jami'o'i, ibadarsu da Turanci, koyarwarsu kuma ta ƙarfafa cewa abin da baki ya furta shi ke tabbata. A wurinsu suna annabci ne a kan yaro, don haka uwa ta gwammace ta kira ɗiyarta da kalmar tagomashi ko mu'ujiza sau ɗari a yini, da fatan Allah ya amsa. Wannan niyya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda ya daɗe yana sa Alheri da Godiya da Murna da Nasara da Kyauta; abin da ya canza shi ne harshen da ake ganin addu'ar ta fi nauyi a cikinsa.

Amma a ganina dalili na uku ya fi su duka tasiri, ko da yake an fi jin nauyin faɗarsa. Tun daga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000 wanda ya raba garin gida biyu, kogi a tsakani, da na Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya, suna ya tashi daga abin kira ya zama abin tantancewa. A ranar tarzoma, tambayar farko da ake yi wa wanda aka tare a hanya ita ce sunansa, kuma mai sunan tarayya yana iya halaka a hannun kowane ɓangare, waɗannan su ɗauke shi na waɗancan, waɗancan su ce ya karanto abin da bai iya ba. Uban da ya ga haka da idonsa ba za a zarge shi ba in ya zaɓa wa ɗansa sunan da babu shubuha a cikinsa. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙabilun tsakiyar ƙasa suka farka ga neman asalinsu, Kaje suka ce su Bajju ne, Kataf suka ce Atyap, Sura suka ce Mwaghavul, kuma jama'ar da ta ƙi sunan da maƙwabci ya ba ta, da wuya ta ci gaba da raɗa wa 'ya'yanta suna da harshensa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda gurbin karatu da aikin gwamnati suka rataya a kanta, ita ma ta sa suna ya zama hujjar zama ɗan ƙasa.

Cikin adalci, akwai fa'ida a nan wadda ba ta musantuwa. Komawa ga harshen uwa ya fito da wani ilimin tauhidi da ya daɗe a ɓoye, domin sunayen da ke farawa da Nan a tsakanin Tarok da Angas da Mwaghavul, da masu farawa da Hyel a wajen Bura, da Shekwo a wajen Gbagyi, duk sunan Mahalicci ne a harsunan nan, kowane suna kuwa jimla ce ta godiya ko roƙo ko miƙa wuya. Ta haka mutum yake shaida cewa kakanninsa sun san Allah da suna tun kafin Bature ya sauka, kuma bishara ba ta buƙaci ya zama wani ba kafin ta karɓe shi. Aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa ƙananan harsuna, wanda cibiyarsa ke Jos, ya ƙara wa wannan ƙarfi ƙwarai. Wanda ya san yadda harsuna da yawa na Bauchi da Filato suke mutuwa a bakin yara saboda rinjayen Hausa, ba zai raina ko da suna ɗaya da ya tsira ba. Ba ni da tabbacin za a iya faɗin haka game da sunayen Turanci, waɗanda suka raba yaro da Hausa ba tare da sun mai da shi gida ba, har kaka takan kasa furta sunan jikanta sai ta laƙaba masa nata.

Illar kuwa ta fi faɗawa kan waɗanda ba su da wani harshen da za su koma gare shi, wato Masihiyawa Hausawa na Kano da Katsina da Jigawa da Zariya, yawancinsu zuriyar Maguzawa, waɗanda Hausa ita ce uwa da uba a gare su. Su ne suka tsaya da Yohanna da Markus da Saratu, a kansu kuma tuhuma biyu ta haɗu: ɗan'uwansu Musulmi yana mamakin Bahaushe Kirista kamar abin da bai yiwuwa, ɗan'uwansu na coci daga kudu kuma in ya ji Malam Garba ko Audu sai ya ja jiki. Da sunayen tarayya suna nan da yawansu, da ba su zama bare a ɓangarorin biyu ba. Haka nan Musulmi ma sun yi nasu ƙaurar a cikin waɗannan shekaru, Tanko da Ɗanladi da Delu suna ja da baya, sunayen Larabci tsantsa suna ƙaruwa, ta yadda kowane ɓangare ya janye daga tsakar gida ya shige ɗakinsa, kowanne yana ganin tsarkake addini yake yi.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba sarai. Bishop na Katolika a Sakkwato sunansa Matthew Hassan Kukah, kuma Yakubu Dogara, wanda shi ma Kirista ne, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019. Iyaye da dama sun sami mafita ta jera sunaye uku, na baftisma da na harshen gida da na kaka, makaranta ta rubuta ɗaya, coci ta kira ɗaya, uwa kuma ta riƙe na ukun. Sau da yawa na ukun nan shi ne na Hausa, saboda sunan surukinta ne aka mayar, ita kuwa kunya ba ta barinta ta faɗe shi, sai ta ce Baba ko Abba, daidai yadda maƙwabciyarta Musulma take kiran nata ɗan.