Ruwan Baftisma Yana Ceto Ne?

A gidajen masu bi da yawa akwai tsoho wanda ya ba da gaskiya ga Yesu, yana cikin ajin baftisma, amma mutuwa ta riske shi kafin ranar shiga ruwa. Sai 'ya'yansa su zauna da damuwa, suna tambayar fasto ko babansu ya sami ceto. Akwai kuma saurayi wanda ya ajiye katin baftisma cikin akwati, yana tsammani shi ke nan, ya gama da Allah. Littafi Mai Tsarki yana da amsa domin su duka.

Mu fara da ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji (Luka 23:39-43). Ya yarda da laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi. Hannuwansa suna kafe, ba halin zuwa rafi, duk da haka Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Bangaskiyarsa ce ta kama Mai Ceto.

Sai Siman mai sihiri na Samariya (Ayyukan Manzanni 8:9-24). An yi masa baftisma a lokacin da Filibus yake wa'azi a can. Daga baya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya tsauta masa, ya nuna masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba, ya ce ya tuba. Jikinsa ya jiƙe, amma zuciyarsa tana nan yadda take.

A gidan Karniliyus kuwa, Ruhu ya sauko wa masu sauraro tun Bitrus yana magana, sa'an nan aka yi musu baftisma (sura 10). Manzo Bulus ya koya wa Afisawa cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah, ta wurin bangaskiya ake karɓarta (Afisawa 2:8-9).

To, sai mu raina baftisma? Ko kaɗan! Umarnin Yesu ne (Matiyu 28:19). Cikinta mai bi yana shaida a gaban jama'a cewa an binne shi tare da Almasihu, ya kuma tashi zuwa sabon rai (Romawa 6:3-4). Yarin kurkukun Filibi bai jira gari ya waye ba. A daren nan ya wanke raunukan Bulus da Sila, aka yi masa baftisma da shi da iyalinsa.

Ɗan'uwa, in naka ya rasu yana dogara ga Yesu, ka kwantar da hankalinka. In ka gaskata amma kana jan ƙafa, ka je wurin dattawan ikkilisiya cikin makon nan. In kuwa ga kati kake dogara, ka bincike zuciyarka tun da sauran lokaci.