Abinci Mai Gina Jiki Yana Cikin Rumbunka

'Yan'uwa manoma, ga wani abu da mu kan gani kowace shekara a ƙasar Jahun. Da kaka mutum ya kan ɗora wakensa da gyaɗarsa da riɗinsa a kan babur, ya kai kasuwar Gujungu ko Shuwarin, ya sayar da su lokacin da kaya suka yi yawa, farashi kuwa ya faɗi. Sa'an nan ya komo gida da taliyar leda, da burodi, da sukari, da lemon kwalba. A ganinsa ya kyautata wa iyali. Amma in an duba da kyau, ya sayar da abinci mai ƙarfi da araha, ya sayo marar ƙarfi da tsada.

Wannan hasara ba sabuwa ba ce, sai dai yanzu ta fi ciwo. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da yawa a Jihar Jigawa. Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kayan masarufi suka bi shi. A tsakiyar 2024 lissafin gwamnati ya nuna farashin abinci ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100 a shekara ɗaya. Duk abin da aka ɗauko daga nesa, mai saye ne ke biyan kuɗin motarsa. Abin da ya fito daga gonarka kuwa ba ya hawa mota.

Cuta iri biyu a gida ɗaya

A gida ɗaya a kan iske wahala iri biyu. Maigida ya daina tafiya a ƙasa. Da babur ya ke zuwa gona, da shi ya ke zuwa kasuwa, da rani kuwa ya wuni a zaune a shago ko a majalisa yana shan shayi mai sukari da yawa. Tumbi ya fito, mutane suna cewa ya sami daɗi. Ba a jima ba sai hawan jini ko ciwon sukari. Uwargida kuwa tana da ciki, tana daka, tana ɗiban ruwa, ita ce ta ƙarshe wajen cin abinci, jininta ya ragu. Yaron da aka yaye yana shan koko tsararo safe da yamma, gashinsa ya yi ja, ya rame, watau tamowa ta kama shi.

A shekarar 2008 ƙungiyar likitocin nan ta duniya da a ke kira MSF ta fara aiki a Babban Asibitin Jahun, tana taimakon mata masu haihuwa da masu yoyon fitsari. Samun asibiti kusa abin godiya ne. Amma ƙarancin jini yana cikin abubuwan da ke sa haihuwa ta zo da haɗari, maganinsa na fari kuwa daga tukunya ya ke farawa. Rigakafi ya fi magani.

Aiki uku na abinci

Abinci yana yi wa jiki aiki uku. Akwai mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali da mai. Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, waken suya, gurjiya, riɗi, nono, ƙwai, kifi da nama. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta: zogale, rama, lalo, yakuwa, tafasa, alayyafo, kuka, kabewa, mangwaro, gwaiba da tsamiya. Tuwo kaɗai yana cika ciki, amma ba ya yin aikin nan uku. Lalle ne kowace rana a sami wani abu daga kowane kashi.

Kada wani ya ce sai mai kuɗin nama ne zai iya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake abin gina jiki ne, haka ma gyaɗa. Waken suya ya fi su, gama nasa ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Hatsi da wake kuma suna cika wa juna: abin da ya gaza a gero yana cikin wake, abin da ya gaza a wake yana cikin gero. Saboda haka ɗanwake, da shinkafa da wake, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da dambu mai ganye, da fura da nono, da awara, abinci ne na ƙwarai. Kakanninmu ba su san sunayen da likitoci ke faɗi ba, amma sun san haɗin.

Domin yara

Jariri ba ya bukatar kome sai nonon uwa har ya cika wata 6, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Bayan wannan a ci gaba da nono, a ƙara masa kunu mai kauri. Ga yadda a ke haɗa garin: gero kwano 6, waken suya kwano 3, gyaɗa kwano 1. A tsince, a wanke, a jiƙa waken suya a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne dabam sama-sama, sa'an nan a haɗa a kai inji. A zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta canza launi, gama tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Cikin yaro ƙarami ne, saboda haka a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kwanonsa na kansa.

Gishiri da sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, watau wajen ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya na kanti gishiri ne ya yi masa yawa. Wanda ya sa dunƙule uku ya kuma ƙara gishiri ya yi ninki biyu. A rage, a koma ga daddawa, da albasa, da citta, da tafarnuwa. Baki ya kan saba cikin 'yan makonni.

Sukari kuwa, awon da hukumar ta ba babba bai wuce ƙaramin cokali 12 a rana ba, ta ce in an rage ƙasa da haka ya fi. Babbar kwalbar lemo ɗaya ta kan kusan cika awon nan. Zoɓon da mu ke nomawa a nan Jigawa, a na fitar da shi har ƙasashen waje, ya fi lemon kwalba araha, in dai ba a cika masa sukari ba. Mace mai ciki kada ta sha shayi tare da abinci, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Lemon tsami ko gwaiba ne ke taimako.

Motsa jiki

Hukumar ta kuma ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar. Mai noma da fartanya da damina ya wuce wannan nesa. Matar da ke daka da ɗiban ruwa ita ma haka, abin da ta ke bukata shi ne hutu da ƙarin abinci. Maganar nan ta shafi malamin makaranta, da mai shago, da ɗan acaɓa, da ma'aikacin ofis a Dutse, da manomin da ke zaman rani ba aikin lambu. In tafiya ba ta da nisa, a ajiye babur a taka, ko a hau keke. An sami lafiya, an kuma tsira da kuɗin mai.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawara huɗu da za ku tattauna a taronku na gaba.

1. Ajiyar wake. Tsoron ƙwari ne ke sa mutane saurin sayarwa. Buhun nan mai ninki uku da a ke kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sai dai a tabbata waken ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda dabam. In mutum 20 kowa ya kawo kwano 4, an sami kwano 80. Kada a buɗe sai watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa.

2. Ganye. Kowane gida ya dasa zogale a inda ruwan wanke-wanke ke bi. Da damina a shanya rama da lalo da zogale a inuwa domin rani.

3. Garin kunu. Mata su haɗa hannu su niƙa da yawa lokaci ɗaya, a raba wa masu goyo da masu ciki.

4. Awon jini. Ƙungiya ta sayi na'urar awon hawan jini ɗaya, ta roƙi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu. Hawan jini ya kan daɗe bai nuna alama ba. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, ya je asibiti, kada ya sayi magani da ka.

Ba mu ce kada a sayar da amfanin gona ba, gama akwai kuɗin makaranta, da taki, da sutura. Amma kafin a ɗora buhu a kan babur, maigida da uwargida su zauna su auna abin da gida zai ci har wata kaka, su ware shi tukuna. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.