Darasin Turanci a Wayar Ɗiyata

Wata Lahadi da yamma ɗiyar ƙanena ta same ni a zaure, nan Kwarbai a birnin Zariya, waya a hannu. Tana karatun NCE a fannin Turanci, an tura ta gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare cikin ganuwa. Ta ce, "Baba, a duba mini tsarin darasin gobe." Na karanta. Manufa, matakai, tambayoyin auna fahimta, komai a jere, Turancin kuma babu tangarɗa. Ko minti ɗaya bai ɗauke ta ba, wata manhaja ce ta rubuta.

Wannan ita ce fasahar da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a Nuwamban 2022, ire-irenta suka yawaita. Rubutu mai tarin yawa ake ɗura musu, su kuma su riƙa hasashen kalmar da ta dace ta bi wata, har jimla ta tashi. Mafi yawan rubutun kuwa ba a ƙasarmu aka yi shi ba.

A nan gizo ke saƙar. Labarin karatun da ta samu na yara ne masu wasa da dusar ƙanƙara, alhali ɗan Limancin Kona ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda ake saye da azumi. Babu kuma ko layi ɗaya kan abin da ya fi ci wa ɗalibanmu tuwo a ƙwarya. Bakin Bahaushe ba ya raba p da f. V kan koma masa b. Baƙaƙe biyu in suka haɗu sai ya cusa wasali a tsakani, da haka muka sami burodi da sukuru. Shekara talatin na yi ina fama da wannan, alli a hannu.

Zariya ba baƙuwa ba ce a horon malamai. A 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, aka buɗe babbar kwalejin horon malamai wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE). Malaman da suka duba mu a gwajin koyarwa bayan aji suke zama, idonsu na kan yaron da bai gane ba fiye da takardarmu.

Ban ce ta ajiye wayar ba. Na ce, "'Yata, gaya wa manhajar yaranki Hausa suke yi a gida. Nemi labari kan hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau, da kalmomi biyu-biyu irin pan da fan." Manhajar ta kawo. Sai na miƙa wa yarinyar jan biro. Ta datse jimlolin da suka yi tsawo, ta gyara inda aka cuɗanya sunayen sarautu. A ganina aikin da ya kamata kwalejojinmu su riƙa bayarwa ke nan: ɗalibi ya kawo abin da manhaja ta rubuta tare da gyaransa, a ba shi maki a kan gyaran.

Da ta dawo ranar Litinin, ta ce yaran sun yi ta rera pan da fan har malamin ajin da ke kusa ya leƙo.