Fentin Ruwa: Darasi Daga Masu Haɗa Jirgi

Jama'a, duk wanda ya ratsa garejojin Nima da Maamobi da hantsi, hancinsa zai nuna masa inda yaranmu ke fesa wa motoci fenti. Cikin warin tina suke wuni, wasu da ɗan tsumma kawai a hanci.

Akwai abin koyi wajen masu haɗa jirgin sama da hannu. Sana'ar ba baƙuwarmu ba ce. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. A Kpong ma, nan Ghana, an haɗa ƙananan jirage. A Amurka, wasu masu wannan aiki sun koma ga fentin da ake sirkawa da ruwa, don a gida suke feshi: wari kaɗan, haɗarin gobara kaɗan.

Amma da sharaɗi. A wanke ƙarfen tas, don maiko kaɗan kan hana shi kamawa. A fesa shi siriri sau biyu ko uku, mai kauri zuba yake yi. Ba ya saurin bushewa, balle da damina, sai da fanka.

Kada kuma mu ruɗu da sunan. Fentin ƙyalli na sama galibi yana da sinadarin da ke jawo asma, tsumma ba ya tare shi.

Iyayen gida masu gareji, yaran nan amana ce. A saya musu takunkumin feshi na gaskiya. Allah ya kiyaye mana su.