Ciwon Ƙugun Da Ya Fi Ƙarfin Maɗori

A Burkusuma da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, idan matashi ya fara ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, sai a ce sanyi ne ko sammu, a garzaya wurin maɗori. Ni kuwa ina roƙon iyaye su fara bincika jininsa.

Mai amosanin jini, wato sikila, ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya. Ƙashi kuwa rai gare shi. In jini ya yanke masa sai ya mutu, ya rufta sannu a hankali. Babu karaya balle ɗori.

Idan aka gano da wuri ana iya ceto gaɓar, amma hoton da zai tona ciwon sai an dangana da Sakkwato, ga hanya a hannun 'yan bindiga. In an makara kuwa sai aikin sauya ƙugu, wanda ya fi ƙarfin manomin gero.

Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a shekarar 2024. Me zai hana limaman Gobir su nemi takardar gwaji kafin su shafa fatiha?