Wai wanda aka kai Dawanau ba ya dawowa?

Idan ma'aikaci a Sharaɗa, Chalawa ko Bompai ya fara surutai shi kaɗai, ko ƙwaya ta juya masa kai, akan sami mai jan danginsa gefe ya ce kada a kuskura a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, kurkuku ne, wanda ya shiga ya shiga ke nan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai gaskiyar ta tsufa.

Lalle gidajen masu taɓin hankali na zamanin Turawa don tsarewa aka yi su. An buɗe na Kalaba a 1904, na Yaba a 1907 cikin tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Na Lantoro a Abeokuta kuwa gidan yari ne aka sauya wa aiki a 1944. A Arewa ma sau da yawa wani sashe na gidan yarin En'e ake ware musu. Tsoron da aka gadar mana ke nan.

Inda jita-jitar ta yi ƙarya shi ne cewa nan aka tsaya. Tun ƙarni na 19 likitan Amurka Thomas Kirkbride ya tsara asibitoci masu dogayen sassa hagu da dama, don kowane ɗaki ya sha iska da hasken rana, har cunkoso ya zo ya ɓata su. Da maganin chlorpromazine ya fito a Faransa a 1952, amfanin doguwar katanga ya ragu. Abin da ya fi burge ni na gida ne: a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kowa da ɗan'uwa mai jinyarsa, da rana su je asibiti.

Yau a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yawancin masu zuwa likita suke gani, su karɓi magani, su kwana a gida. Ana kwantar da wanda ciwonsa ya tsananta, in ya samu sauƙi a sallame shi.

Sarƙa fa? Tana nan, musamman a gidajen mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da fiye da mutum 300 a Rigasa, Kaduna, kuma rahoton Human Rights Watch na shekarar ya ce ana ɗaure mutane har a wasu cibiyoyin gwamnati. Sai a Janairun 2023 aka sanya hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.