Ciwon Sukari: Yadda Za A Tsare Ƙafa

Yau maganarmu a kan ƙafar mai ciwon sukari ce, musamman ga manomanmu na Masanawa da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo.

Idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, ya kan yi wa ƙafa ɓarna iri 2. Ta farko, ya kan kashe jijiyoyin da ke kai labarin zafi, har mutum ya taka ƙaya ko tushen kara a gona bai sani ba. Ta biyu, ya kan ƙuntata hanyoyin jini, sabo da haka rauni ba ya warkewa da wuri. Ta haka ɗan ƙurji ke zama gyambo, gyambo ya ruɓe, har likita ya yanke ƙafa don ya ceci rai. To, ƙafar da ba ta jin zafi, sai ido ya yi gadinta. Ga abin da za ku yi:

1. Ko wace rana ku duba ƙafa da hasken rana, tafi da diddige da tsakanin yatsu. Lokacin alwalar azahar ya dace. Wanda idonsa ya yi rauni ya sa ɗansa ya duba masa.

2. Ku wanke ta da sabulu, ku tsane tsakanin yatsu sarai. In ruwan ɗumi ne, ku fara gwada shi da gwiwar hannu.

3. Da hunturu ku shafa man kaɗanya a diddige don maganin faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ku kusantar da ƙafa ga kaskon wuta, gama ta kan ƙone mai ita bai ji ba.

4. Kada ku yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Kafin ku sa takalmi ku kakkaɓe shi, domin tsakuwa ko kunama.

5. Ku yanke farce a miƙe, kada a ƙwaƙule gefensa. Kada ku kankare kaushi da reza, kada kuma wanzami ya yi tsaga ko sakiya a ƙafar.

In kun ga rauni, ko kumburi, ko mugunya, ko yatsa ya yi baƙi, ku wanke da ruwa mai tsabta, ku rufe da ƙyalle mai tsabta, ku zo ɗakin magani a ranar. Kada ku ce ai ba ya zafi, sai bayan girbi. In abin ya fi ƙarfinmu, za mu tura ku Babban Asibitin Gwarzo, ko Asibitin Murtala a Kano.

Ku riƙa shan maganinku yadda likita ya ce, ku bar taba, ko lafiya lau kuke a duba muku ƙafa a asibiti sau 1 a shekara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.